Zaɓi na Farko

Daga gonarmu ana hango motocin jami'a
suna hawa gadar Kwalkwalawa da safe,
fuskoki a taga, littattafai a cinya.
Tun ina ƙarami nake ɗago kai daga fangalin albasa
in ƙirga su, in koma ban-ruwa.
Ba makarantar da ta fi kusa da ƙofarmu.
Ba wadda ta fi nisa.

Ranar cike fom muka tafi ni da Modi,
wani shagon kwamfuta a Gawon Nama,
fanka na kuka, janareta na tari.
Benci ɗaya muka goge da wando shekara shida,
ni ke yi masa lissafi, shi ke saya mini awara.
Mai shago ya ce, zaɓi na farko?
Modi bai ko dubi allon ba. Likita.
Kamar mai faɗin sunan kakansa.
Yayarsa na asibitin koyarwa, kawunsa ya yi Alƙahira,
a gidansu kalmar nan rataye take a ƙusa
tare da farar riga,
wanda ya girma ya ɗauka ya saka.

Sai aka zo kaina.
Wallahi kalmar na bakina, har ta taɓa haƙori.
Sai na ga shekara shida a jere kamar buhuna,
kowane da kuɗin dakonsa.
Na ga ƙanne huɗu, da injin ban-ruwa na haya,
da ruwan bara da ya shigo cikin dare bai yi sallama ba.
Na tuna in suna bai fito ba, wa za a kira?
Mafi girman lamba a wayar Baba
ta wani dillali ce a Kara.

Na ce, kwalejin ilimi. Shekara uku.
Mai shago ya danna bai ɗago ba.
Ina jin tun daga takalmina ya karanta amsar.

Da sakamako ya fito na fi Modi da arba'in da ɗaya.
Ya rungume ni tsakiyar titi,
ya ce ashe tare za mu riƙa yanka gawa.
Na yi dariya. Ban gaya masa ba sai da ya ga jerin suna.

Baba kuwa bayan isha'i ya tambaya,
yana gyaran bakin kalme da dutse:
"Kai Ladan, mi ka cika?"
Na faɗa.
Dutsen ya tsaya.
Ya ɗauki tocila ya ja ni bayan gida,
ya yaye ciyawar rudu,
albasa kwance ja wur, ba a taɓa ko ɗaya ba,
alhali wata biyu muna shan miya ba nama.
"Wagga ta likita ta," ya ce.
"Tsada nika jira.
Wa ya ce maka a'a?"

Na duba sama, na duba ƙasa.
Ba malami, ba gwamnati, ba mai shago.
Ba kowa.
Ƙofar ni na ja ta da hannuna
don kada in ji ƙararta a hannun wani.

Yanzu kekena kan bi ta gadar da safe,
motocin na shiga, ina fita.
Wata rana Modi kan ɗago hannu ta taga.
Ba na ƙin alli, kada a yi mini ƙarya,
akwai daɗi a ga ido ya buɗe.

Jiya a gwajin koyarwa, aji biyar, Gidan Igwai,
na ce kowa ya faɗi abin da zai zama.
'Yar mai itace, Kulu, ta miƙe daga baya,
ta ce "li…"
ta dubi silifas ɗinta,
ta ce, tela.

Na ajiye alli.
Na ce ban ji na farkon ba.
Aji ya yi tsit.
Ina nan tsaye, ina jira.